Ranar Tiyatar Mai Kifi

An riga an sa wa Mai Kifi rigar asibiti, irin mai ɗauri ta baya ɗin nan, an kuma hana shi ci da sha tun jiya, sai wayarsa ta fara kuka a ƙarƙashin matashin kai.

Malama, matarsa, tana durƙushe tana tura takalmansa ƙarƙashin gado. Ta san wannan kukan sarai. Ba na kira ba ne, ba kuma na saƙo ba. Wani siririn ƙara ne mai tsinkewa yana dawowa, kamar na babbar mota in tana ja da baya.

"Baban Auta, kar ka taɓa ta," ta ce.

Ya riga ya taɓa.

Tun da ya ajiye aikin gyaran layukan waya ya haƙa tafkuna uku a bayan gari ya zuba karfasa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, ya koma Mai Kifi. Bara 'yarsu Auta, wadda ke aikin kwamfuta a wani gari mai nisa, ta zo hutu ta tsoma wa kowane tafki wata 'yar na'ura mai kama da tocila. Na'urar tana auna iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, ta aiko da lamba zuwa waya. Biyar zuwa sama, lafiya lau. In ta sauko uku, a tashi tsaye. Ƙasa da biyu kuwa kifi ya fara mutuwa. Ta waya ɗin kuma yake kunna injin kaɗa ruwa, mai fukafukai, wanda ke dukan ruwa yana cusa masa iska.

"Babban tafki ne," ya ce, muryarsa ta canza. "Ya sauko ƙasa da uku. Wannan hadarin da ya rufe rana kwana da kwanaki, na san za a yi haka."

"To kunna injin mana, ka ajiye."

"A kunne yake. Ga shi nan, kore." Ya juya mata wayar. "In a kunne yake, me ya sa lambar ke sauka?"

Ya buɗe kyamarar da ke kan rumfar gonar. Hoton ya zo dishi-dishi, ya tsaya, ya sake motsi. Ruwan babban tafki kwance yake lumui. Inda ya kamata a ga farin kumfa, babu komai.

Ya kira ƙanensa direba, wanda ya yi alkawarin zama a gonar har a sallame shi. Ƙarar mota da surutun fasinja suka fara shigowa kafin muryarsa.

"Yaya, ai da safe na leƙa, komai lafiya. Lodi na samu, na ce bari in kai in dawo."

"Kana ina yanzu?"

"Mun ɗan yi nisa."

Mai Kifi ya kashe wayar, ya sauko da ƙafafunsa daga gado, ya fara laluben takalma da yatsun ƙafa.

Yayarsa, tsohuwa mai jiki da kowa ke kira Yaya, tana zaune a kujerar gefe da jaka a cinya. Ta ce, "Ina zuwa haka, bayanka a buɗe kamar tagar kanti?"

Mutumin gado na kusa ya tuntsire da dariya, sannan ya dafe ɗinkin cikinsa yana salati.

Nas ta shigo da abin awon jini. Ta dube shi, ta dubi takalman. Ta mayar da ƙafafunsa kan gado ɗaya bayan ɗaya kamar tana jera itace, ta naɗa masa abin a dantse. Da ta ga abin da ya nuna sai ta cire gilashinta.

"Baba, wancan karon saboda me aka ɗage aikin nan?"

Ya kau da kai.

"Saboda jininka ya hau. Yau ma hanyar da ka ɗauko ke nan. Tsakuwar da ke ƙodarka ba za ta narke don kana da kifi ba. Ko wayar nan ta bar ɗakin nan, ko in je in gaya wa likita a ba wani layinka."

Wayar ta sake kuka. Mai Kifi ya kamo hannun matarsa.

"Malama, ki je."

"In je ina?"

"Ki je ki gani. Wani abu ne ya riƙe injin. Kifin nan saura kaɗan a kwashe su, wahalar wata da watanni ce."

"Za a shiga da kai a yanka, ni kuma ina can ina gadin kifi? Me mutane za su ce? Me ni kaina zan ce wa kaina?"

"Zamanki a nan me zai ƙara? Ke ce za ki riƙe wa likita wuƙa?"

Maganar ta yi mata zafi. Ta zare hannunta. Shekara da shekaru tana koyar da yara a aji, ta saba da gardama iri-iri, amma ba ta taɓa cin nasara kan mutumin nan ba in ya kafe.

Yaya ta ce, "Tafi, 'yar nan. Ni na yi masa wanka yana jariri, ba yau zan kasa zama da shi ba. In kin zauna ma da kifin zai shiga ɗakin tiyatar a ransa."

Malama ta fizge wayar, ta jefa a jaka, ta ɗauki makullan gonar daga aljihun rigarsa da ke rataye. Ta fita ba ta waiwaya ba. Sai da ta sauka matakala ta kai bakin ƙofar asibiti sannan ta tuna ko "Allah ya sa a yi a sa'a" ba ta ce masa ba. Ta tsaya. Ta juya kamar za ta koma. Jakar ta yi kuka a hammatarta, sai ta ɗaga wa tasi hannu.

Tasin ba ta yi nisa ba suka shiga cunkoso. Wata motar kaya ta mutu a tsakiyar mahaɗa, kowa ya danna hancin motarsa inda ya ga sarari, hanya ta ɗinke. Sama ta yi duhu amma ruwan ya ƙi sauka, zafi ya cika motar. Matar da ke gefenta ta dubi jakar.

"Baiwar Allah, ba za ki amsa ba?"

"Ba mutum ba ne. Kifi ne."

Matar ta ɗan matsa jikin ƙofa.

Malama ta kira Auta. Yarinyar ta ɗauka tun kafin wayar ta gama ƙara ɗaya, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, ina gani a nan, ni ma ta aiko mini. Na fito daga taro. Baba fa?"

"Yana can. Ya kore ni."

"Kina ina?"

"Ina cikin mota, motar kuma ba ta zuwa ko'ina."

"Ki sauka ki hau babur."

Rabon Malama da hawa babur tun kafin gwiwarta ta fara ciwo. Ta sauka, ta ratsa tsakanin motoci, ta tare wani mai babur mai furfura a gemu, don tana ganin shi ba zai yi gudu ba. Ashe ta yi kuskure. Ya bi da ita ta lungunan bayan kasuwa, ta gefen magudanar ruwa, ta cikin wani filin ƙwallo, tana riƙe da ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan jaka. Duk sanda suka faɗa rami sai ta ji kamar an kira ta, ta zaro wayar. Ba kowa. Lambar ce kawai, ta kusa biyu.

Wari ne ya fara tarbar ta a bakin gonar, warin ruwan da ya gaji. Ta buɗe kwaɗon ƙofar da ƙyar. Ƙananan tafkunan biyu injinansu na ta watsa ruwa. Babban kuwa, da farko ta ɗauka yayyafi aka fara, don saman ruwan duk ya cika da 'yan zobba. Da ta matso sai ta ga bakuna ne. Ɗaruruwan bakuna a saman ruwa, suna buɗewa suna rufewa, babu ko sauti. Nan da can wasu sun juya farin cikinsu sama.

Ta sake kiran Auta ta bidiyo, ta nuna mata. Hoton yana yankewa.

"Mama, matsa kusa da injin. Kina jin wani ƙara?"

Injin yana zaune kan tulunan robarsa, ɗan nesa da gaɓa. Yana gurnani ƙasa-ƙasa, fukafukan ba sa motsi.

"Yana nishi kamar mai ciwon haƙori."

"To wuta na shiga, shi ya sa manhajar ta ce a kunne yake. Ita wutar kawai take gani, ba ta ganin ko yana juyawa. Laifina ne, ban yi tunanin wannan ba. Duba sandar da fukafukan ke kai."

Malama ta ƙanƙance ido. Wata shuɗiyar igiya, irin ta ɗaurin buhun abincin kifi, ta nannaɗe sandar tam, da guntun buhun a jiki.

"Sai an shiga an yanke," in ji Auta. "Babu kowa a kusa?"

Akwai mai lambun da ke maƙwabtaka da su, wani dattijo siriri mai nauyin kunne. Malama ta je jikin shinge ta yi ta ƙwala masa kira har ya ɗago daga cikin kabejinsa.

"Malam, taimako! Kifi na mutuwa!"

"Wa ya mutu?"

"Kifi!"

"Mai Kifi? Inna lillahi! Jiya-jiyan nan fa muka gaisa!"

Ta san rashin ji ne kawai. Ta kama hannun rigarsa ta saman shingen ta nuna masa ruwan. Da ya gani sai ya bar salatin, ya zagayo da sauri. Amma da ta nuna masa injin ya girgiza kai, ya ɗaga ƙafar wandonsa: ƙaurinsa a naɗe da bandeji, gyambo ne da ya daɗe yana jinya. Shiga wannan ruwan ba nasa ba ne.

Auta ta ce ya jawo famfonsa na ban-ruwa, ya zuƙo daga rijiya ya watsa a tafkin, ya toshe bakin tiyon da yatsa don ruwan ya tarwatse ya kwaso iska. Wannan ya gane shi da alama ɗaya. Ya tafi yana ɗingishi.

"Na kashe injin daga nan," in ji Auta. "Ya nuna ja. Za ki iya shiga."

Gurnanin ya tsaya. Malama ta dubi ruwan, ta dubi wayar.

"Abin da ya ce mini inji na aiki alhali ba ya yi, shi zan yarda da shi in tsoma ƙafata?"

"Gaskiyarki, Mama. Shiga rumfa, akwai farin akwati a bango. Ki zare baƙar wayar wutar da aka rubuta wa lamba ɗaya."

Malama ta zare ta, ta ajiye a ƙasa nesa da bangon, ta ɗora mata bulo. A rumfar ta ga wandon robar mijinta mai haɗe da takalmi, wanda ke kaiwa har ƙirji. Ta zura shi a kan kayanta. Ya yi mata yawa, takalman suna kwal-kwal. Ta ɗauki wuƙar da yake farke buhu da ita, ta jingina wayar a kan wani bokiti yadda Auta za ta riƙa gani.

Gaɓar tana da santsi. Ta shiga da baya, tana dafa ƙasa. Ruwan ya matse robar a jikinta, laka ta kama takalman, kowane taku sai ta yi kokawa. Kifayen ba su guje ta ba. Suna gogar ta a ciki da hannuwa, a sanyaye, kamar ba su san da ita ba. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Can bayanta famfon mai lambu ya yi tari ya kama, ruwa ya fara zuba a kan tafkin, rabi kuma a kanta.

"Malam! Can gefe!"

"Na'am, yana zuwa sosai!" ya amsa da fara'a.

Da ta isa injin ruwan ya kai mata ƙirji. Murfinsa da zafi kamar tukunya. Igiyar ta narke wuri-wuri ta manne da ƙarfen. Ta yanka, ta ja, ta sake yankawa. Zare ɗaya in ya fita sai ta tarar da wani a ƙarƙashinsa. Tana cikin yi tunaninta ya tafi asibiti: yanzu an tura shi? An sa masa abin barcin? Ya nemi ta a ƙofar bai gan ta ba? Wuƙar ta zame ta shige tafin hannunta na hagu. Ba ta ji zafi ba sai da ta ga jinin. Ta cije leɓe ta ci gaba, har guntun ƙarshe ya fita. Ta tura fiffike ɗaya da gwiwar hannu, ya juya sakayau.

Fitowa ta fi shiga wuya. Takalmi ɗaya ya maƙale, ruwa ya kwararo cikin wandon, sai da mai lambu ya yar da tiyo ya miƙo mata ƙotar fartanya ta kama. Ta rarrafa zuwa rumfa ta mayar da baƙar wayar.

"Na fito. Kunna."

Injin ya yi gurnani, ya yi kamar ba zai tashi ba, sannan fukafukan suka ɗauka. Farin kumfa ya tashi. Auta ta yi wata 'yar ƙara a waya, irin wadda take yi tun tana ƙarama in ta ci wasa.

Amma lambar ba ta hau ba. Ta ma ƙara sauka kaɗan, ta tsaya.

"Sai a hankali," in ji Auta. "Ruwan da yawa."

Malama ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaure hannun. Ta kira Yaya. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. Ta sake.

Ta koma kan layin Auta. "Auta, ni zan koma."

"Mama, ki ɗan jira ta wuce uku. Injin ya sha zafi, in ya sake tsayawa babu kowa a wurin."

"Ubanki fa?"

Malama ta ji Auta tana jan hanci.

Ta kasa zama. Ta je bakin ƙofar gonar ta leƙa hanya, ta dawo bakin tafki ta duba lamba, ta kira Yaya, ta koma ƙofa. Da ta ga tafiyar ba ta rage komai sai ta ɗauki komar hannu ta fara kwashe waɗanda suka mutu. Manyan ne suka fara tafiya, masu faɗin tafin hannu biyu, waɗanda yake nuna wa baƙi. Ta cika bokiti, ta cika wani, ta koma zubawa a kan buhu. Mai lambu ya je ya kira wata mai sayar da kifi da ya sani, ta zo da baho ta zaɓi waɗanda ba su daɗe da mutuwa ba. Malama ba ta tsaya ciniki ba. Sauran suka haƙa rami a bayan rumfa suka binne.

Rana ta ɗan leƙo ta cikin hadarin. Bakunan da ke saman ruwa suka fara raguwa, kifayen suna nutsewa ɗaya-ɗaya. Lambar ta haura biyu da rabi, ta daɗe a nan, sannan ta taɓa uku. Malama ko murna ba ta yi ba. Tana cire wandon robar wayar ta yi ƙara, ƙarar kira ta gaske.

"'Yar nan, kin kira ni?" in ji Yaya. "Wayar tana can ƙasan jaka, ƙarƙashin filas."

"Yaya, yaya ake ciki?"

"An fito da shi yanzun nan. Ai ba su shiga da wuri ba, wani aka kawo ya yi hatsari, suka bar naki a kan gadon turawa a baranda, yana ta ƙirga silin. Likita ya ce an cire, lafiya lau. Har ya nuna mini tsakuwar a kwalba. Duk wannan ihun da yake mana a kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba."

Malama ta zauna a kan buhun abincin kifi, ta kifa kai a gwiwa. Mai lambu ya tsaya a gefe yana murza hularsa, bai san ko gaisuwar mutuwa zai yi ba. Sai da ta ɗago ta yi masa alama da babban yatsa sannan ya washe baki.

Da yamma ta isa asibitin, bayan ta biya gida ta sauya kaya. Duk da sabulun da ta sha, mutumin gado na kusa ya shinshina iska ya ce yau kam an kawo musu tafkin har ɗaki. Nas ta ga ƙyallen da ke hannunta, ta ja ta gefe ta wanke yankan, ta yi mata allura, tana faɗa ƙasa-ƙasa cewa gida ɗaya ya ba ta aiki biyu.

Mai Kifi yana kwance, leɓunansa sun bushe, idanunsa rabi a buɗe. Ya ga bandejin.

"Me ya same ki?"

"Wuƙarka. Igiya ce ta naɗe injin."

"Ke kika shiga?"

"Wa zai shiga?"

Ya rufe ido, ya daɗe. Ta ɗauka barci ya koma, sai ya ce, "Nawa suka tafi?"

Ta yi niyyar ragewa, amma ta fasa. "Da yawa. Manyan. Zai kai kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran sun nutse, suna nan."

Ya lalubo hannunta mai lafiyar ya riƙe, riƙon ba ƙarfi.

"Direba ya iso gonar," ta ce. "Ya kira ni yana ta rantse-rantse. Na ce ya ajiye rantsuwar, ya zauna kusa da injin. Auta kuma ta ce za ta aiko da wani abu da za a ɗaura wa sandar, mai gane ko tana juyawa."

"Kar a ba su abinci yau," ya ce a hankali. "Gobe ma kaɗan. Kuma sai an rage ruwan an zuba sabo. Shi ba zai iya shi kaɗai ba, zai buɗe bututun ya manta."

"Zan je da safe. Yaya za a rage?"

"Akwai jan famfo a kusurwar gabas. Ki murɗa shi hagu, ba dama ba. Ki sa ido a kan sandar da na kafa a ruwan, mai zane-zane. In ya sauka ya kai..."

Ta jira. Numfashinsa ya yi nauyi.

"Ya kai ina? Baban Auta. Zane na nawa?"

"Ƙyale shi, 'yar nan," in ji Yaya, tana zuba shayi a murfin filas. "Zauna ki sha wannan, tun safe ba ki sa komai a cikinki ba."

Malama ta karɓi shayin ta kurɓa sau ɗaya a tsaye. Ta ajiye shi a kan durowa, ta zare hannunta daga nasa a hankali, ta fita baranda tana neman lambar Auta, ko ita ta san zanen da yake nufi.